Shirwa da Mai Rimi

A wata unguwa cikin Tamale, ba nisa da kasuwar Aboabo, akwai wani gida mai faffaɗan zaure da ke kallon kwalta. Ba zan kama sunan unguwar ba, balle na mutanen cikinta. Mai gidan dattijo ne, Alhaji, wanda ya yi arzikinsa da kai shanu Kumasi da ɗauko goro a komowa. Shi ke sahun gaba a masallaci, shi ke riƙe da kwamitin gini, in aure ya yi tsami a unguwar kuma a zaurensa ake shimfiɗa tabarma. A jikin katangarsa ta waje ya ba mutum uku hayar wuri: mai shayi, da wata yarinya mai tura kuɗi ta waya, sai wani ɗan akurkin katako mai taga ɗaya, da baƙin allo jingine a gefensa. Kullum da safe yaron akurkin yakan goge allon da tsumma, ya rubuta lambobi goma da alli, biyar a sama, biyar a ƙasa. Na saman su ne suka ci jiya da dare a Akra, na ƙasan kuma su ake kira lambobin inji.

Loto ke nan, kuma ba baƙo ba ne a Gana. Tun 1958, shekara guda bayan 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta buɗe sashen caca na ƙasa. A 1962 aka fara wannan wasa na zaro lamba biyar daga cikin casa'in, sau ɗaya a mako. A 2006 majalisa ta yi dokar da ta mayar da sashen hukuma, wadda kowa ke kira NLA, aka ce ribar ta riƙa shiga baitulmalin ƙasa. Yanzu an bi ranakun mako an raɗa wa kowace sunan wasa: Monday Special, Lucky Tuesday, Mid-Week, Fortune Thursday, ita kanta Juma'a Friday Bonanza. Ban da na hukuma akwai na bayan fage, banka-tu-banka, masu aron lambobin Akra su karɓi kuɗin mutane su biya daga aljihunsu, ranar da ci ya yi musu yawa kuma a wayi gari taga a rufe.

Cikin masu tsayawa gaban allon nan akwai wani fita, mai gyaran babur a Lamashegu, mutum mai sanyin hali, hannunsa da albarka. A garin da mace da namiji, tsoho da yaro, kowa a kan babur yake, mai wannan sana'a ba ya kwana da yunwa. Matarsa tana dama koko da suyar ƙosai a bakin titi tun kafin kiran assalatu. 'Ya'yansu huɗu, babbar tana sakandare, kuma duk unguwa an san ta da kan lissafi. Da sidi biyu ya fara, canjin shayi. Tu shuwa suke cewa: ka zaɓi lamba biyu, in dukansu suka fito cikin biyar ɗin, a ninka maka kuɗinka sau 240.

A sanyin hunturun farkon 2022 wani ya biya shi kuɗin gyaran inji. Yana dawowa gida ya tsaya a taga, ya zuba sidi 50 a kan lamba biyu. Suka fito. Sidi 12,000 a dare ɗaya, ga mutumin da sai ya yi watanni yana wanke hannu da fetur kafin ya ga irinsu a dunƙule.

Na ga abin da ya biyo baya da idona. An yanka rago. An kai wa Alhaji cinya, an kai wa Malam ƙirji, an bi maƙwabta da kwano-kwano, har da mai wannan rubutu. Na ci ban tambaya ba, kuma abin yana damuna har yau. Makaɗan Dagomba, lunsi, suka ji labari suka zo ƙofar gida da kalangunsu, suka yi masa kirari yana manna musu kuɗi a goshi. Matar ta sami turmin atamfa biyu. Sannan ya sa aka sauke buhu ashirin na siminti a harabar masallaci, inda ginin bene ya tsaya tun bara.

Wani saurayi ɗan makarantar dare ne kaɗai ya buɗe baki. Ya durƙusa bayan sallar isha ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da azumin bara kun karanta mana a suratul Ma'ida inda aka haɗa giya da caca a aya ɗaya. Wannan simintin fa, ya halatta a gina ɗakin Allah da shi?" Malam ya yi shiru, ya ja carbi, sannan ya ce a yi bayi da wurin alwala da shi, kada a sa shi a jikin masallaci. Aka ce madalla, an sami mafita. Amma ranar Juma'a, da aka zo karanta masu taimako a lasifika, sunan fita ne na farko, aka yi masa doguwar addu'a, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Yaran da ke sahun baya ba su ji maganar bayi ba. Amin ɗin suka ji.

Kafin wata ya ƙare layin gaban taga ya ninka. Masu tuƙa yalo-yalo sukan faka su leƙa, almajiran tela sukan sato jiki, har matan aure suna aiko yara da lamba a rubuce a tafin hannu. Da shekara ta zagayo Alhaji ya ƙara wa akurkin kuɗin haya, tunda ciniki ya buɗe. Na mai shayi da na yarinyar waya bai taɓa su ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan sha'ani shi ne rabon murya. Wanda ya ci yana da kalangu, yana da lasifika, yana da bakin duk wanda ya ci namansa. Ɗaruruwan da aka tara kuɗinsu aka biya shi kuwa ba su da ko tari. Mutum zai duba allo da safe, ya ga ba lambarsa, ya cusa takardar a aljihu, ya ce wa mai shayi a ƙara sukari, kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya taɓa yanka rago don ya faɗi. Shi ya sa yaro zai tashi a unguwa ya san sunan mutum ɗaya da ya ci shekara uku da suka wuce, bai san ubansa na cikin waɗanda suka biya ba.

A bencin mai shayi akwai wani tsoho da ake kira loto dokta. Yana yawo da jakar leda cike da tsofaffin takardun lambobi, wasu sun yi ja don tsufa, yana zana layi daga lambar da ta fito zamanin Nkrumah zuwa wadda ta fito jiya, yana cewa in 17 ta fito a inji, 71 na bisa hanya. Takalminsa a ɗinke yake da waya, amma ba mai kallon ƙafarsa, bakinsa ake kallo. A watan Nuwamba na 2022 ya zo da labari a wayarsa: a jihar Kalifoniya ta Amurka takarda ɗaya ta Powerball ta ci dala biliyan 2.04. Ya ce a Turai ma ƙasashe tara ne suka haɗa tukunya ɗaya, EuroMillions, tun 2004, har da Ingila da Faransa da Sifen. Wani direba da ke bin hanyar Paga ya ƙara da cewa a Burkina dawakin da ke tsere a Faransa ake zuba wa kuɗi, wani kuma ya kawo zancen Baba Ijebu na Legas. Dokta ya rufe da cewa, "Kun gani? Duniya duka ake yi. Turawan da suka fi mu boko ma suna yi." Fita yana zaune yana gyaɗa kai. A lokacin sidi 20 yake zubawa kullum, ranar Asabar 50. Shi a ganinsa ba caca yake ba, hanyar da ya taɓa bi ya isa yake nema.

Matar ba ta taɓa yi masa faɗa a gaban yara ba. Ita ke wanki, kuma kafin ta jiƙa wando takan laluba aljihu. Duk takardar da ta samu sai ta miƙar da ita a cinya, ta jefa cikin gwangwanin Milo da ke bayan kwallayenta. Ɗaya ya cika ta samo na biyu. Na biyu ya cika ta samo na uku.

Wani dare an ɗauke wuta, maigidan yana waje, ta kira babbar 'yar ta juye mata gwangwanayen a kan tabarma.

"Ƙirga mini."

Yarinyar ta kunna fitilar waya, ta ɗauko littafin makaranta. Takardar injin nan mai santsi ce, zafi yana cinye rubutunta, kuma wanda ya san Maris a Tamale ya san abin da ɗakin kwano ke yi wa kaya. Da yawa sun koma farare fat, ba lamba ba kwanan wata, kamar ba a taɓa biyan ko kwabo a kansu ba. Ta ware su gefe. Waɗanda ke karantuwa ta tara ta sami sidi 19,400. Abin da ya sake ci a tsakani, sau biyu ne, duka bai kai 2,000 ba.

"Mma, kin san yadda abin yake?" Ta juya shafi. "Lambobi casa'in ne. In za a haɗa su biyu-biyu, haɗi 4,005 ake samu. Biyar ɗin da ake zarowa kuma haɗi goma kawai ke cikinsu. A ce mutum 4,005 kowa ya zuba sidi ɗaya a kan haɗi daban. Goma za su ci, a ba kowannensu 240, ya zama 2,400. Sauran 1,605 ba su dawowa unguwa. Kullum haka, ko wace lamba ta fito."

"Na lamba uku fa, da ya ce ya fi tsoka?"

"Ya fi muni. Haɗi 117,480 ne, goma ke ci, a ba kowa 2,100. An karɓi 117,480, an mayar da 21,000. Na biyar duka kuwa haɗi 43,949,268 ne, Mma, mu kuma duk Gana a ƙidayar 2021 ba mu kai miliyan 31 ba. Ko jariri da tsohuwa kowa ya riƙe nasa haɗin, yana yiwuwa a zaro a rasa mai shi. Na Amurkan da dokta ke faɗa, ɗaya ne cikin miliyan 292 da ɗoriya. Na Turai ɗaya cikin kusan miliyan 140."

"To takardun dokta?"

"Ƙwallaye ne a cikin inji. Ƙwallo ba ta san ta fito jiya ba."

Uwar ta kwashe takardun, farare da masu rubutu, ta mayar cikin gwangwani ta danne murfi. Ta ce kada ta gaya wa babanta, ba a yi wa uba lissafi.

A watan Agustan 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan duk abin da aka ci a caca, bencin mai shayi ya ɗau zafi, aka yi ta cewa an zalunci talaka. A Afrilun 2025 aka soke harajin, aka yi ta murna. Kashi goman da ake cirewa daga cin da ba ya zuwa ya sami masu kare shi. Kashi arba'in da ke tafiya kullum tun daga taga ban ji wanda ya ɗaga murya a kansa ba.

Ana cikin wannan murna ne abin ya fashe. Matar ta kwashi adashi, kuɗin da ta yi wata goma tana zubawa don sayen buhunan gero da wake kafin su yi tsada, da kuma kayan komawar yarinya makaranta. A waya aka turo mata. Yanzu kuwa ba sai an je taga ba, akwai lambar da ake dannawa, loto ya same ka har kan gado. Maigidan ya san lambar sirrinta, don shi ya buɗe mata asusun. Dare uku ya yi yana bin wata lamba da dokta ya rantse a kanta. Da ta je wajen yarinyar waya cire kuɗi aka ce mata saura sidi 6. Ba ta yi kuka a titi ba. Ta koma gida ta kashe wutar ƙosai, ta goya auta, ta tafi gidan kawunta a Sabonjida.

Bayan kwana tara aka zauna biko a zauren Alhaji, don shi ya karɓa wa fita auren tun farko. Ina bakin ƙofa. Alhaji a kan buzu, Malam a damansa, kawun matar a hagu, fita a rakuɓe kansa a ƙasa. Matar ta shigo da auta, ɗan shekara biyar, babbar 'yar tana biye da ita da baƙar leda a hannu. Suka durƙusa suka gaida manya.

Malam ya fara. Ya yi wa fita tatas, ya ce caca aikin shaiɗan ce, tana raba miji da mata, tana cinye albarkar sana'a. Alhaji ya ɗora, ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa riƙe takardar loto ba, namiji da guminsa ake saninsa, kuma wanda ya taɓa dukiyar mace ya zubar da girmansa. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Fita ya yi hawaye, ya ce ya tuba, zai biya ko da zai sayar da kayan aikinsa. Sai Alhaji ya juya.

"To 'yata, kin ji. Ya gane kurensa. Mace da haƙuri aka san ta. Ki dubi yaran nan ki koma ɗakinki."

"Na ji, Baba Alhaji. Zan koma."

Auta ya gaji da zama, ya fara mutsu-mutsu yana jan mayafinta. Ta ɗora shi a cinya, ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasan da zaure ba zai ji ba.

"Yi shiru in ba ka labari. Ba a tatsuniya da rana, amma wannan ba tatsuniya ba ce, a garin kakarka aka yi, can wajen Salaga. Akwai wani mutum mai ƙaton rimi a ƙofar gida, kowa a inuwarsa yake hutawa. Rannan shirwa ta zo ta ce ya ba ta reshe ɗaya ta yi sheƙa, duk ƙarshen wata za ta ajiye masa kaza. Ya ce to. Tun daga ranar 'yan tsakin garin suka fara ƙarewa, yau na wance, gobe na wance. Ba wadda ta yi kururuwa, kowace tana jin kunyar a ce ba ta iya kiwo ba. Sai wata rana shirwa ta suro wata ƙatuwar kaza, ta suɓuce mata, ta faɗa tsakar gidan wani bawan Allah. Gari ya ɗauka, shirwa ta yi wa wane kyauta! Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, aka kai wa manya nasu kason, suka sa albarka. Daga nan mutane da hannunsu suka riƙa kwaso tsakinsu suna zubawa a gindin rimi, kowa ya ɗaga kai sama yana jiran tasa kazar. Wanda nasa suka ƙare sai ya shiga akurkin matarsa."

Yaron ya daina motsi. "Mma, mai rimin bai kori shirwar ba?"

"An yi masa magana. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar ɗan tsakon kowa ba, reshe kawai ya bayar. Kuma bai yi ƙarya ba. In ma aka kawo masa ƙarar wanda ya zubar da kajin matarsa, shi ke yin faɗa, duk garin ba wanda ya kai shi iya nasiha."

"To kazar da take ba shi duk wata, a ina take samowa?"

"Wannan kuma sai ka girma ka tambayi manya."

Carbin Malam ya tsaya. Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarmar da ba ta naɗe ba. Ta waje ana jin yaron akurki yana kiran wani da suna, yana ce masa saura kaɗan a rufe na yau.

Ta miƙa hannu baya, 'yar ta ba ta ledar. Ta fito da gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta matsa a durƙushe ta jera su a gefen buzun Alhaji, ta buɗe murfin na tsakiya. Takardu suka taso, farare da masu rubutu.

"Baba Alhaji, ga ajiya na kawo. A ƙofar gidan nan aka haife su, ni riƙo kawai na yi."

Ba wanda ya ce uffan. Can aka kira la'asar, Alhaji ya ce Allah ya kyauta, ya dafa sandarsa ya miƙe, manya suka bi shi. A daren ta koma ɗakinta, da asuba kuma hayaƙin ƙosai ya tashi a inda ya saba. Fita ya canza hanya, yanzu ta bayan makarantar allo yake zagayawa in zai tafi Lamashegu, duk da ta fi nisa. Duk Juma'a yakan ajiye mata wani abu a ƙarƙashin faifan koko, tana rubutawa a bango da gawayi.

Gwangwanayen kuwa wani yaron gida ya ɗauke su daga ƙasa lokacin shara, ya ɗora a kan tagar zaure, bai san ko na zubarwa ba ne, ba kuma wanda ya ce masa ya zubar. Ranar ƙarshen wata bayan azahar ina zaune a bencin mai shayi, inda ake hango cikin zauren. Yaron akurki ya rufe tagarsa, ya ƙirga kuɗi ya ninke, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama. Alhaji yana kan buzu shi kaɗai, fuskarsa wajen taga. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ga na wata," ya miƙa da hannu biyu. Alhaji bai juyo ba tukuna, hannun yaron kuma yana nan a miƙe.